Tun yaushe ɗan Adam ya fara son rana?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin hotunan mutane kwance a bakin teku sun shanya jikinsu a rana da gangan, wasu har jirgi suke biya su tafi inda ta fi zafi. Shin wannan hali tun asali ɗan Adam yake da shi, ko daga baya ya zo? Kuma me ya kawo shi?

Amsa: Daga baya ya zo, ɗan'uwa, kuma ba da daɗewa ba. Kwanciya a rana don jin daɗi, a matsayin abin da jama'a da yawa ke yi har suna taƙama da shi, bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Abin da ya haife shi kuwa rashin ranar ne: hayaƙin masana'antu ya rufe ta a biranen Turai, yara suka fara lanƙwashewa, likitoci suka mayar da ita magani, daga nan masu kuɗi suka mayar da maganin ado.

Akwai abu biyu da ake yawan haɗawa, alhali ba ɗaya ba ne: girmama rana da son zama a cikinta. Girmamawar tsohuwa ce ƙwarai. A Ayilan akwai wani kabarin dutse da ake kira Newgrange, wanda aka gina wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya girmi dalar Giza ta Masar. An yi masa 'yar kafa a saman ƙofa ta yadda a kwanakin da yini ya fi gajarta a shekara, hasken fitowar rana zai ratsa har ƙuryar ciki na 'yan mintuna. Masarawa sun bauta wa Ra, gunkin rana, kuma a ƙarni na 14 kafin Annabi Isa, Fir'auna Akhenaten ya ture sauran gumaka ya ce faifan rana, Aten, shi kaɗai za a bauta wa, har ya gina masa sabon birni a Amarna. Sarkin Rum Aurelian ya gina wa rana haikali a shekara ta 274, Constantine kuma ya ba da doka a 321 cewa a huta a ranar da aka keɓe mata, wato Lahadi. Sarakunan Inka na Peru da na Japan duk sun danganta asalinsu da rana. Alƙur'ani ma ya kawo labarin mutanen Saba'i da ke yi mata sujada, da yadda Annabi Ibrahim (AS) ya dube ta har ta faɗi, ya barranta daga bautar abin da ke faɗuwa.

To amma duk wannan tsoro ne da dogaro. Manomi ya san idan ta yi yawa amfani ya ƙone, idan ta yi ƙaranci ba zai nuna ba. Wanda ya gina mata haikali ba kasafai yake tunanin ya tuɓe riga ya kwanta a ƙarƙashinta da tsakar rana ba. Sarkin Faransa Louis na 14 ya yi rawa a fada cikin shigar rana a 1653, yana ɗan shekara 14, daga baya aka yi ta kiransa Sarki Rana. Matan fadarsa kuwa rufe fuska suke yi idan za su fita, kada ta taɓa su.

Dalili a fili yake. A duk al'ummar da mafi yawan mutane ke noma, rana rabon talaka ce. Fatar da rana ta rina shaida ce cewa mai ita yana yini a gona, wadda ba ta rina ba kuwa shaida ce cewa wani ne ke yi masa aikin. Shi ya sa a zane-zanen Assuriya da Masar ta dā za ka ga ana riƙe wa sarki laima, a Sin da Siyam ma yawan hawan laima kan nuna girman muƙami. A Turai matan manya sun riƙa shafa farar hoda da ake haɗawa da dalma, wadda ke cinye fata tana sa guba a jiki. Matan Japan ma suna da tasu farar hodar. Shekaru dubbai, wannan ne ra'ayin masu hali a kusan ko'ina: inuwa ta mai arziki, rana ta mai wahala.

Abin da ya juya lissafin shi ne ƙaurar talakan Ingila da arewacin Turai daga gona zuwa masana'anta a ƙarni na 18 da na 19. Yanzu mai wahala ba a rana yake yini ba, a ɗaki yake, ko a ramin haƙar kwal. Yana shiga aiki kafin gari ya waye, ya fito bayan duhu ya yi. Gidajen ma'aikata a Manchesta da Gilasgo da Landan an jera su baya da baya, lungunan kuma ba su da faɗin da haske zai sauka ƙasa, ga hayaƙin kwal ya yi wa sama rumfa. Ingila ma har harajin taga ta sa daga 1696 zuwa 1851, masu gidajen haya suka riƙa toshe tagogi da bulo don rage abin da za su biya. Sakamakon ya bayyana a jikin yara: ƙashi ya yi laushi, ƙafafu su gantsare ko su yi gwame, ƙirji ya turo, haƙora su yi jinkirin fitowa. Wannan ciwo, da likitoci ke kira rikets, Francis Glisson ya yi cikakken bayaninsa tun 1650, kuma ya yi yawa a Ingila har Jamusawa suka riƙa kiransa ciwon Ingilishi. Mata da suka yi shi suna yara sukan taso da ƙugu a matse, haihuwa ta zame musu haɗari.

An daɗe ana laluben dalili. Wasu suka ce gado ne, wasu suka ce gurɓatacciyar iska. A 1822 wani likitan Folan, Jędrzej Śniadecki, ya lura cewa yaran birnin Warsaw sun fi na ƙauye kamuwa, ya ce rana ce bambancin. Ba a kula shi ba. A 1890 Theobald Palm, likitan mishan da ya yi aiki a Japan, ya rubuta wa abokan aikinsa a Sin da Indiya da sauran wurare yana tambayar ko suna ganin ciwon. Amsoshin suka nuna cewa yaran da suka fi na Ingila talauci da rashin tsafta ba sa yin sa, muddin suna samun rana. Shi ma ba a ɗauki maganarsa nan take ba, domin a lokacin hankalin likitoci na kan ƙwayoyin cuta.

Ta ƙofar ƙwayoyin cutar ne kuwa rana ta shiga asibiti. A 1877 wasu Ingilawa biyu, Arthur Downes da Thomas Blunt, suka ajiye kwalaben gwaji a bakin taga, suka ga waɗanda hasken rana ya buga ƙwayoyin ba su tsira a ciki ba. Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, shi ma ya nuna cewa hasken rana na kashe ta. Tarin fuka kuwa a lokacin shi ne babban makashin biranen Turai, ba kuma huhu kaɗai yake ci ba, yana cin ƙashi da gaɓoɓi da fata. Wanda ya mayar da wannan ilimi jinya shi ne Niels Finsen, ɗan tsibiran Faro da ya yi aiki a Kofanhegan. Ya ƙera fitila mai ƙarfi, ya tace zafinta da ruwa, ya tattara sashen hasken da ido ba ya gani, wanda ake kira ultrabayolet, a kan gyambon tarin fuka na fuska, ciwon da kan cinye hanci da leɓe. Mutane da dama suka warke. An ba shi kyautar Nobel a 1903, ya rasu shekara guda bayan nan yana da 43. Gimbiya Alexandra, da ta zama Sarauniyar Ingila daga baya, wadda 'yar Danmak ce, ta ba wani asibitin Landan kyautar irin fitilarsa a 1900.

A shekarar da Finsen ya karɓi kyautar, Auguste Rollier ya buɗe asibitinsa a Leysin, kan tsaunukan Suwizalan. A ganina shi ne mutumin da ya fi kowa alhakin hoton da kake tambaya a kai, fiye da duk wata tauraruwar ado. Rollier yana jinyar masu tarin fukan ƙashi ta hanyar tura gadajensu baranda su sha rana. Ba ya yi da garaje: ranar farko ƙafa kawai ake buɗewa na minti biyar, gobe a hau zuwa gwiwa, a hankali har jiki duka, kai kuma a rufe da hula, kuma da safe ake yi, ba lokacin da rana ta take ba. Asibitocinsa sun kai talatin da wani abu. Ya buɗe makarantar da yara ke karatu a fili cikin ƙanƙara, daga su sai ɗan kamfai da hula. Hotunan yaran nan, sun zo a rame a karkace sun koma a miƙe fata ta yi launin tagulla, suka zagaya jaridun Turai. Daga nan ne ido ya koyi sabon abu: fatar da rana ta rina alamar lafiya ce, fari fat kuwa alamar mai tarin fuka.

Saura rikets. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yunwa ta sa ciwon ya yi ƙamari a Barlin da Biyana. A 1919 Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Barlin da fitilar ultrabayolet, ya kuma gano wani abin mamaki: ko hannu ɗaya ya haska, ƙashin ɗaya hannun ma yana gyaruwa. Ashe fata ce ke haɗa wani sinadari, jini ya kai shi ko'ina. A wannan lokaci Edward Mellanby ya nuna cewa man hantar kifi na hana ciwon ga karnuka, Elmer McCollum kuma ya raɗa wa sinadarin suna bitamin D a 1922. A 1924 Harry Steenbock na jami'ar Wisconsin ya nuna cewa ko abinci aka haska da wannan haske yana samun bitamin ɗin, abin da ya buɗe hanyar ƙara shi a madara. Gilashin taga na yau da kullum yana tare sashen hasken da ke wannan aiki, hayaƙi ma haka, kuma a garuruwan da ke can arewa rana ba ta hawa sama sosai a hunturu, don haka fata kan yi watanni ba ta haɗa komai ba. Duk abin da Śniadecki ya hango shekara ɗari kafin nan ya tabbata.

Shekarun 1920 da 1930 sai abin ya zama kamar aƙida. A Ingila Caleb Saleeby ya kafa ƙungiyar masu rajin hasken rana a 1924, yana yaƙi da hayaƙin kwal. A Jamus ƙungiyoyin komawa ga rayuwar fili, da masu tsiraici a daji da bakin tafki, suka tara dubban mabiya. Makarantun fili, da aka fara a Charlottenburg a 1904, suka bazu zuwa wasu ƙasashe. Magina suka shiga: manyan tagogi, baranda, farin bango, rufin da ake hawa a zauna, duk salon da ake kira ginin zamani yana da jinin asibitin tarin fuka a jikinsa, kuma asibitin Paimio da Alvar Aalto ya kammala a Finlan a 1933 shi ne misalin da aka fi kawowa. Doka ma ta shiga. Birnin New York ya yi dokar gini a 1916 da ta tilasta wa dogayen benaye su riƙa tsukewa yayin da suke hawa, don haske ya isa titi. Ba zan ɓoye ba, wannan aƙida tana da mummunan gefe: Saleeby mai ra'ayin tace iri ne, wato a zaɓi waɗanda suka cancanci haihuwa a hana wasu, kuma 'yan Nazi sun yi amfani da hoton saurayi ƙaƙƙarfa mai jiki a rana wajen tallata wariyarsu.

Yanzu ga ado. Za ka ji ana cewa Coco Chanel, shahararriyar mai tsara tufafi ta Faransa, ce ta ƙirƙiro yayin a 1923, wai rana ta ƙone ta a jirgin ruwa, ta sauka, mata suka kwaikwaya. Labari ne mai daɗin faɗa, amma an ba ta fiye da rabonta. Mace ɗaya ba ta rushe al'adar shekara dubu da tafiya guda. Likitoci sun riga sun yi shekara ashirin suna share fagen. Abin da ya faru a kudancin Faransa ya fi bayyana sauyin. Gaɓar Ribiyera a dā wurin hutun hunturu ce, Turawan Ingila masu kuɗi, har da Sarauniya Victoria, sukan je Nice gudun sanyi, da zafi ya shigo sai otal-otal su rufe. A 1923 wasu attajiran Amurka, Gerald da Sara Murphy, suka shawo kan wani otal a Antibes ya ci gaba da aiki a lokacin zafi, abokansu marubuta da masu zane suka biyo su. Kafin ƙarshen shekarun 1920 mujallun ado sun koma tallan rinanniyar fata. Jean Patou ya fitar da man shan rana a 1927, kamfanin L'Oréal ya fitar da Ambre Solaire a 1935. Tunda talaka yanzu a ɗaki yake yini, wanda ya dawo Landan ko Faris a rine yana sanar da kowa cewa yana da kuɗi da lokacin da zai kwanta bai yi komai ba. Manufar ba ta sauya daga ta mai farar hoda ba, alamar ce kawai ta juya.

Nan akwai wani abin da bai kamata a tsallake ba. A daidai shekarun da Bature ke biyan kuɗi don fatarsa ta yi duhu, wanda aka haifa da duhun fata ana hana shi shiga otal da tafkin wanka a Amurka. Duhun da ake yabo shi ne wanda ke gogewa bayan hutu. Kuma Turawan mulkin mallaka a ƙasashe masu zafi tsoron rana suke yi kamar mutuwa: ga hular kwano, ga ƙyallen da ake maƙalawa a gadon baya wai don kare laka, ga gudu zuwa garuruwan tsauni irin Simla ta Indiya idan zafi ya yi. Wani likitan sojan Amurka, Charles Woodruff, ya wallafa littafi a 1905 yana cewa hasken ƙasashen zafi na lalata jijiyoyin farar fata. Rana ɗaya ce, a Leysin magani, a Indiya guba.

Abin da ya sauko da yayin ga talaka shi ne hutu da albashi. Gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikatan Faransa mako biyu a 1936, da rangwamen tikitin jirgin ƙasa, dubbai suka ga teku a karon farko. Ingila ta yi tata dokar a 1938. Bayan yaƙi, Louis Réard ya fito da bikini, 'yan guntayen kayan wanka na mata, a 1946, sannan a 1950 Vladimir Raitz ya fara kwasar Ingilawa a jirgin sama zuwa tsibirin Kosika a farashi guda da ya haɗa tafiya da masauki da abinci. Benidorm ta Sifen, ƙauyen masunta, ta zama dajin benaye cikin shekara ashirin. Abin dariya, a daidai wannan lokaci asibitocin rana suka fara mutuwa, domin an gano maganin streptomycin a 1943, kuma ya fi baranda saurin kashe tarin fuka. Wasu daga cikin asibitocin Leysin otal da makarantu suka koma.

Sai kuma lissafin ya zo. Tun 1894 Paul Unna na Hambog ya bayyana lalacewar fatar matuƙan jirgin ruwa da ke kaiwa ga sankara, kuma a 1928 George Findlay ya jawo sankarar fata ga ɓeraye da hasken ultrabayolet. Ba a ji ba sai da adadin masu ciwon ya hau, musamman a Ostareliya da New Zealand, inda jikokin Ingilawa da 'yan Ayilan masu farar fata ke zaune ƙarƙashin rana mai ƙarfi. A 1981 Ostareliya ta fara gangamin sa riga, shafa man kariya, sa hula. Gano ramin ozon, wato raguwar iskar sama da ke tare hasken ultrabayolet, a saman Antatika a 1985 ya ƙara tsorata mutane. Hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gadajen rina fata na lantarki cikin abubuwan da tabbas ke jawo sankara a 2009, Barazil ta haramta su a shekarar. Yau likita na cewa a sami rana kaɗan a guji ƙuna, kusan abin da Rollier ke yi da mintinsa biyar. Mai duhun fata ya fi samun kariya daga ƙunar, amma idan ya koma ƙasashen arewa fatarsa na buƙatar lokaci mai tsawo kafin ta haɗa bitamin D, shi ya sa rikets ya sake ɓulla a cikin 'ya'yan baƙi a Birtaniya.

Kada ka ɗauka duka yayi ne. A can ƙuryar arewa ƙishin rana gaskiya ne. A Tromso ta Norwe rana ba ta leƙowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu, kuma ranar da ta dawo biki ake yi. A 1984 Norman Rosenthal, likitan ƙwaƙwalwa da ya tashi a Afirka ta Kudu ya koma Amurka, ya bayyana wani nau'in ciwon damuwa da ke zuwa da gajeren yini, ana kuma sauƙaƙa shi da fitila mai haske sosai da safe, domin haske ne ke saita agogon barci da farkawa a ƙwaƙwalwa. Garin Rjukan na Norwe yana cikin kwari mai zurfi, tsauni na tare masa rana kusan rabin shekara. A 1928 kamfanin da ya kafa garin ya yi wa ma'aikata keken igiya da zai hau da su saman tsauni su ga rana, a 2013 kuma aka kafa manyan madubai uku da ke jefo haskenta dandalin garin.

Yayin kwanciya a rana kuma bai taɓa cinye duniya ba. A Sin da Japan da Koriya har gobe mata na yawo da laima a lokacin zafi, a bakin tekun Qingdao ma akwai masu sa wani abin rufe fuska baki ɗaya kafin su shiga ruwa. A yankunan Bahar Rum da ƙasashen Larabawa tsohon gini duk neman inuwa yake: lungu matsattse, tsakar gida, bango mai kauri, da barcin rana. Su kansu waɗanda suka yi ƙaura don bin rana, ka duba lokacin da suka tafi. Willis Carrier ya ƙera na'urar sanyaya iska a 1902, amma ba ta yi arahar shiga gidajen Amurkawa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Birnin Phoenix da ke hamadar Arizona mutum dubu 107 ne a cikinsa a 1950. A ƙidayar 2020 ya haura miliyan 1.6, kuma a watan Yuli yawancinsu daga gida mai sanyi suke shiga mota mai sanyi zuwa ofis mai sanyi.